Mamacin da Babu Tuta a Kansa

Da misalin ƙarfe goma na safe wayar ta yi ƙara a kan tebur, tsakanin hatimi da tulin takardu. 'Yar Kuku ta leƙa fuskar wayar, ta ga an rubuta Baba. Kwana goma sha tara ke nan da rasuwarsa.

Ta san ba shi ba ne. Kyaftin ɗin jirgin ne ke kiranta da wayar marigayin, domin cikin mutum goma sha bakwai da suka rage a jirgin babu mai layin ƙasar nan sai wanda ya mutu. Ta san wannan sarai, amma sanin bai taɓa hana gabanta faɗuwa ba. Kullum sai ta bar wayar ta yi ƙara sau uku kafin ta ɗauka, kamar mai ba wani dama ya canza shawara.

"'Yar Kuku," in ji Kyaftin, da muryar wanda ya daɗe bai ƙoshi da barci ba, "yau na auna mai. Saura na kwana takwas. In muka kashe fanka da fitilu, tara. Daga nan janareto zai tsaya, ɗakin sanyi zai zama ɗaki kawai."

"Na ji."

"In ya tsaya ba ni da zaɓi. Sai in ba teku shi."

"Ba za ka ba teku shi ba," ta ce, ta kashe wayar.

Ofishinta yana hawa na uku a ginin tashar jiragen ruwa, sashen takardun jirage. Daga tagarta ana ganin ƙugiyoyin sauke kaya, da kwantenoni jere kamar akwatunan ashana, da mashigar tasha. Can bayan mashigar, inda ruwa ke sauya launi, akwai wani baƙin ɗigo kamar ƙuda a bakin kofi. Ubanta yana ciki.

Shekara ashirin da shida ya yi yana dafa abinci a jiragen dakon kaya, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Kuku yake ce masa, ita kuma ta gaji laƙabin. Da ludayi ya kai ta makaranta har ta gama. Ranar da aka ɗauke ta aiki a tasha ya zagaye unguwa yana faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Ya ce mata, "Uwata, ni ina dafa wa duniya, ke kuma za ki riƙa buga mata hatimi. Tsakanina da ke mun riƙe ta ciki da takarda." Gidansu cike yake da tsarabar ƙasashe: buta daga wannan, rediyo daga waccan, agogon bango da har yau yake nuna lokacin wani gari da babu wanda ya san inda yake. A jirgi kuwa abin da ya fi ji da shi ɗakin sanyi ne. Makullinsa a wuya yake rataye da shi, ko Kyaftin ba ya shiga sai da izini. Ranar da zuciyarsa ta tsaya, yana cikin yanka albasa, abokan aikinsa suka ciro makullin daga wuyansa, suka kwashe kifin da ke kan kanta ta ƙasa, suka kwantar da shi a wurin.

Abin da ya hana jirgin shigowa kuwa, da hannunta ta buga shi.

Wasu manyan ƙasashe biyu ne suka saɓa a kan abin da bai shafi kowa a unguwarsu ba. Ɗaya ta ce duk jirgin da ya taɓa ɗaukar kayan ɗayar a juya masa baya, kuma duk ƙasar da ta buɗe masa ƙofa ta kuka da kanta. Ƙasar 'Yar Kuku, wadda alkamarta da magungunanta daga can suke zuwa, ba ta tsaya dogon tunani ba. Takarda ta sauko daga sama da sunayen jirage arba'in da ɗaya, Manaja ya miƙa mata ya ce ta buga kafin azahar. Ta buga kafin sha biyu, don a ginin nan kaf ba wanda ya kai ta sauri, kuma tana so a sani.

Na talatin da uku wani suna ne da ba ta taɓa ji ba. Ashe a hanya an sake wa jirgin Baba suna, suna na uku ke nan, da gwangwanin fenti da buroshi. Shi Baba bai taɓa damuwa da sunayen ba, Tsohuwa kawai yake ce masa. Amma a makonta na farko a ofis an koya mata cewa sunan jirgi riga ce, ana canza ta, abin da ba ya canzawa lamba ce mai alƙaluma bakwai da aka zana a jikin ƙarfensa tun ranar da aka ƙera shi. Ita da kanta take yi wa sababbin ma'aikata tsawa a kan haka: "Ku bar suna, ku dubi lamba." Lambar Tsohuwa kuwa ta haddace ta tun tana 'yar aji uku. Ranar nan ce kawai ba ta duba ba. Da ta duba, da ta kira shi ya sauka a tashar baya, domin wa'adin aikinsa ya riga ya cika, ya zauna ne kawai don, in ji shi, yana so Tsohuwa ta kawo shi har ƙofar gida.

Ran Talata ƙasar da ke ba jirgin aron tutarta ta janye ta. Ran Alhamis Baba ya rasu a tsakiyar teku. Ran Asabar jirgin ya iso mashigar tasha, aka karanta masa takardar kora ta rediyo, wadda haruffan farko na sunan 'Yar Kuku ke ƙasanta.

Kwana goma sha tara ta yi tana yawo da fayil a hammata. A ma'aikatar harkokin waje wani jami'i mai ladabi ya ba ta kujera, ya yi mata ta'aziyya har sau biyu, sannan ya yi mata bayani kamar mai koya wa yaro lissafi.

"Malama, ba mu musa ba, ɗan ƙasa ne. Amma gawa ba ta shigowa sai da takardar mutuwa daga inda aka mutu. Wanda ya mutu a jirgi kuwa, a doka, ya mutu ne a ƙasar da tutarta ke kan jirgin."

"Bai taɓa taka ƙasar ba. Ko teku ba ta da shi."

"Wannan ba ya cikin abin da doka ta tambaya."

Ƙasar tutar ba ta da ofishin jakadanci a nan. Abin da take da shi wani attajiri ne mai sayar da tayoyin mota, wanda aka ba shi muƙamin wakili don girmamawa. Ta same shi a bayan shagonsa, da 'yar tuta kamar mafici a kan tebur, kusa da kwanon gyaɗa. Ya duba kwanakin da ke takardarta, ya ƙirga da yatsu, fuskarsa ta washe kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Ai mun janye ran Talata, 'yan mata. Shi kuma ran Alhamis. Ba a wurinmu ya rasu ba."

"To a ina ya rasu?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya tura mata kwanon gyaɗa.

A ofishin jakadancin babbar ƙasar da ta ƙirƙiro jerin sunayen, ba ta ga ko fuskar mutum ba. Na'ura ta ba ta lamba, ta zauna awa huɗu, wata murya ta bayan baƙin gilashi ta ce su ba su hana kowa binne kowa ba, wannan lamari ne na cikin gida, suna mutunta 'yancin ƙasarta. Ta yi dariya a wurin har mai gadi ya matso.

Da ta koma ta tsaya a kan Manaja, sai ya cire tabarau ya murza ido. Mutum ne mai tumbi da tsoro, ba mugu ba.

"'Yar Kuku, faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Ni nan in na bar ko allura ta sauko daga jirgin nan, gobe tasharmu ce za ta shiga jerin."

"Ranka ya daɗe, ni ba allura na ce a sauko min da ita ba."

A gida, tun ranar da labari ya zo Inna ta zare wayar firij daga bango, ta bar ƙofarsa a buɗe. Ba ta ce don me ba, ba wanda ya tambaya. Ruwan randa ma sai ta bar shi a rana ya yi ɗumi kafin ta sha. Maƙwabta sun zo gaisuwa kwana uku na farko, suka ci gaba da zuwa da ƙafa ɗaya, don ba su san yadda ake yi wa gidan da ke da mamaci ba kabari ba. Kawu, ƙanen Inna, shi ne ya gaji ya faɗi abin da kowa ke raɗawa.

"Yaya, a yi masa addu'a daga nan, a bar Kyaftin ya yi abin da ake yi. Ruwan ma ai na Allah ne."

Inna tana zaune a bakin ƙofa, inda ake hango ɗigon in gari ya yi wasai. Ba ta juyo ba.

"Shekara ashirin da shida, wata tara yana can, wata uku yana nan. Ban taɓa cewa uffan ba. Yanzu kuma in bar wa teku ukun ma?"

Ita 'Yar Kuku wani sanyi ne ya shiga yatsunta ya ƙi fita. Tsakar rana, gumi na bin bayanta, amma yatsun kamar ta tsoma su a ƙanƙara, har ta fara kuskure a bugu, ita da ba ta kuskure. Wani lokaci in ta shiga kicin sai ta ji gurnanin firij ƙasa-ƙasa, ta duba ta ga wayar tana nan yashe a ƙasa. A matakalar ofis, tsakanin hawa na biyu da na uku, kullum sai ta ji warin ɗanyar albasa. Ta tambayi mai shara, mai shara ta ce ita ba ta ji komai ba. Ba ta sake tambaya ba. Ta riƙa wucewa ta wurin da kai a sama, tana cewa a ranta: na ji, Baba, ina kai.

Saura kwana shida mai ya ƙare, sai ga Mai Ruwa ya hawo ofis yana haki. Shi ke da ƙaramin jirgin da ke kai wa manyan jirage ruwan sha, sana'ar da Baba ya daɗe yana tsokanarsa da ita, wai duk duniya shi kaɗai ne ke sayar da ruwa a tsakiyar teku kuma ana saye. Aminai ne tun kafin a haife ta.

"'Yata, ciro min fom na sha huɗu. Na sake yin baƙo."

Ba sabon abu ba ne. Kusan kowane wata ruwa kan kawo gawar wani daga cikin matasan da ke cika kwalekwale su nufi ƙasashen da ba sa son su. Ta buɗe fom ɗin a kwamfuta, yatsunta suka fara aikinsu ba tare da ita ba. Suna: ba a sani ba. Ƙasa: ba a sani ba. Inda aka tsinta: kusa da jar ganga, alamar da aka ɗaure a kan ruwa a bakin mashigar tasha. Wanda ya tsinta. Shaida. Sa hannun likitan tasha.

Ta tsaya. Ta koma sama ta sake bin fom ɗin layi-layi, yau da yatsa, yadda ya kamata ta bi wancan jerin. Ta buga wannan fom ya fi sau hamsin, amma sai yau ta lura babu gurbin tuta a cikinsa. Tsohuwar yarjejeniya ce da duk ƙasashe suka sa wa hannu tun kafin su koyi wannan sabon faɗan: abin da ruwa ya kawo, gaɓar da ta fi kusa ita ke karɓa, ba tambaya. In kwana uku suka wuce ba mai shi, duk wani mai neman lada yana iya ɗauka ya binne.

"Baba Mai Ruwa," ta ce, "in ka sauka jira ni a bakin jirginka."

Ya saurare ta yana naɗe igiya, har ta kai aya. Sannan ya ajiye igiyar.

"Ke, kin ji abin da bakinki ke faɗa? In sa a jefa aminina a ruwa kamar ɓawon ayaba?"

"In ba mu jefa shi mun ɗauko ba, nan da kwana shida za a jefa shi da ƙarfe a ƙafa."

"Boko ya yi miki yawa."

"Aminin naka ne ya biya kuɗinsa."

Ya dubi mashigar. Ran Litinin da Alhamis ake barinsa ya kai wa jirgin ruwa, don kada a ce ƙasar ta kashe mutane da ƙishi, amma da ɗan sandan ruwa a tare da shi, kuma ko tsinke ba a yarda ya sauko daga jirgin zuwa nasa ba.

"Ran Alhamis ruwa zai fara cikowa wajen ƙarfe tara," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana. "Duk abin da aka saki ta bayan jirgin a lokacin, cikin awa ɗaya yana jar ganga. In iska ba ta juya ba. In ta juya kuwa, sai dai mu haɗu a lahira." Ya juyo ya dube ta. "Akwai kuma abin da ba ki lissafa ba. In kika ce ubanki ne, sun san daga ina ya fito, za su mai da shi can, ni su karɓe jirgina, ke su kore ki. Sai dai ya shigo ba suna. Da bakinki za ki ce ba ki san shi ba, da hannunki za ki rubuta. Mutumin da duk tashar nan ba a san ki da wani suna ba sai nasa."

"Na lissafa."

"Za ki iya?"

"Na riga na buga wadda ta fi wannan muni."

Da yamma ta faɗa wa Inna, tana tsaye, don in ta zauna ba za ta iya ba. Inna ta daɗe tana kallon tafin hannunta. 'Yar Kuku ta shirya wa kuka, ta shirya wa zagi. Abin da Inna ta ce kawai shi ne, "Ki ce su ɗaura masa rigar nan mai hana nutsewa da kyau. Bai iya ruwa ba. Kunya ce ta hana shi faɗa wa kowa."

Kyaftin bai yi gardama ba. Ya ce za su kankare sunan jirgi daga jikin rigar, za su sa masa kayansa na gida, su saukar da shi da igiya a hankali, ba jifa ba. A littafin jirgi kuma zai rubuta cewa an ba teku shi, wanda ba ƙarya ba ne.

Ran Alhamis ta karɓi aikin abokiyar aikinta na rakiyar jirgin ruwa don ƙidayar tan nawa aka bayar. Manaja ya dube ta ta saman tabarau.

"Tun yaushe kike son teku?"

"Tun da kuka ajiye min ubana a ciki."

Ɗan sandan da aka haɗa su da shi sabon zuwa ne daga can cikin ƙasa, bai san kowa ba, kuma tun kafin su bar gaɓa cikinsa ya fara juyawa. Da suka matso, Tsohuwa ta tashi daga ɗigo ta zama bango, baƙi, mai tsatsa, sabon sunan yana ɓarewa, tsofaffin biyu suna leƙowa ta ƙarƙashinsa. Sandar tuta a bayanta tsirara. Ma'aikatan jirgin, su goma sha bakwai, mutanen ƙasashe shida, sun jeru a bakin ƙarfe, kowa da hularsa a hannu.

"Me ya sa suka tsaya haka kamar masu makoki?" in ji ɗan sandan.

"Ƙishi ne, yallaɓai," in ji Mai Ruwa. "Kai ma in ka kwana uku ba ruwa sai ka cire hula."

Aka miƙa mesa, aka ba da ruwa. Can sama wani farin tsoho mai gemu ya dubi 'Yar Kuku, ya ɗan sunkuyar da kai sau ɗaya. Ba ta taɓa ganin fuskar Kyaftin ba sai ranar. Ta rubuta tan goma sha biyu.

Suka juyo ta wajen jar ganga. Gangar tana nan tana rausaya, tsuntsaye biyu a kanta. Ruwa fayau, ba komai.

Mai Ruwa ya ɗaga fuska ya shaƙi iska, ta ga muƙamuƙinsa ya motsa. Ya rage wuta, injin ya yi tari ya mutu.

"Me kuma?" in ji ɗan sandan.

"Tsufa, yallaɓai. Ni da shi duka." Ya buɗe murfin injin ya sa kai ciki, ya bar jirgin yana bin ruwa, domin ya san duk inda ruwa ya kai abin da suke nema, can zai kai su.

Minti ashirin. Minti talatin. 'Yar Kuku ta tsaya a gaban jirgi da allon rubutu a ƙirji, rana na dukan ruwa tana dawo mata cikin ido. Kowace igiya sai ta ga kamar kafaɗa ce, sai ta baje. Ta tuna ita ce ta ce a yi. Jerin farko ta buga shi ba ta duba ba, wannan kuwa da ido biyu ta aikata. In ya tafi, me za ta ce wa matar da ke zaune a bakin ƙofa? Ba ta da ikon kiran sunansa ko a ƙasan maƙoshi. Ta cije leɓe har ta ji gishirin da ba na teku ba.

Ɗan sandan ne, da ya sunkuya a gefe zai yi amai, ya ɗago da sauri.

"Kai! Mene ne wancan?"

Wani abu ruwan lemo, yana hawa yana sauka, bai fi jifa biyu ba. Injin da ya mutu ya tashi da murɗa ɗaya.

A rigingine yake, fuska sama, cikin shuɗiyar rigar da Inna ta ɗinka masa bara. An ɗaure rigar lemon da ƙulli uku-uku, irin ɗaurin masu jirgi. Akwai sauran ƙanƙara a girarsa. A babban yatsansa na hagu ga tabon ƙunar da take wasa da shi tana ƙarama.

"Wani bawan Allah kuma," in ji ɗan sandan. "Malama, juya baya, wannan ba abin kallon mata ba ne."

"Aikina ne," ta ce, ta ajiye allon.

Mai Ruwa ya kama kafaɗu, ita ta kama ƙafafu. Nauyinsa kamar na kututture. Sanyin da ya taɓa tafinta shi ne dai wanda ta yi makonni tana yawo da shi, ta gane shi kamar yadda ake gane murya. Mai Ruwa ya cire rigarsa ta sama ya rufe fuskar, ya juya baya ya daɗe yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba.

A bakin gaɓa Likita tana jira, wata dattijuwa da saura wata biyar ta yi ritaya, wadda Baba ya sha kawo wa ganyen shayi daga tafiya. Ta ɗaga rigar ta duba. Ta ƙwanƙwasa ƙirjin da bayan yatsa, ya amsa kamar ƙofa. Wanda ruwa ya ci ba ya daskarewa, wannan ko ɗan koyo ya sani. Ta dubi ɗan sandan, ta dubi Mai Ruwa, ta tsai da ido a kan 'Yar Kuku. Doka ce a tambayi duk wanda ke wurin.

"Yallaɓai, ka san shi?"

"A'a."

"Mai Ruwa?"

"Ban sani ba," ya ce wa ƙasa.

"Ke fa?"

'Yan dako sun taru a baya, mutanen da suka ci abincin Baba, suka ci bashin dariyarsa. Babu wanda ya yi ko tari. Ta ɗaga kai ta dubi Likita ido cikin ido.

"Ban san shi ba."

Likita ta zaro biro daga aljihu.

"Ruwan bana akwai sanyi," ta ce, ta sa hannu.

Ta hau hawa na uku da ƙafafunta. Tsakanin na biyu da na uku ta ɗan tsaya, babu warin komai sai na ƙura. Ta zauna ta buga fom na sha huɗu. Suna: ba a sani ba. Ƙasa: ba a sani ba. Ta kai wa Manaja. Ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya dubi taga, ya dubi jiƙaƙƙen bakin siket ɗinta. Sannan ya ɗauki biro ya sa hannu yana kallon bango.

Bayan kwana uku wata mai neman lada ta zo da kawunta suka karɓi gawar. A takarda an ba shi lamba ɗari biyu da goma sha biyu, kuma doka ta ce lambar ce za a rubuta a allon kabari. Ba a taɓa ganin baƙon ruwa da ya tara jama'a haka ba. Rabin tasha ta rufe aiki, kowa ya ce wai hanya ce ta biyo da shi. Da Kawu ya dawo da jar ƙasa a gwiwoyinsa, Inna ta dubi ƙasar, ta sa yatsa ta shafo kaɗan, ta murza. Sannan ta ce a ba ta ruwa, mai sanyi in akwai.

Wasiƙun ma'aikata ba su daina zuwa ba. Kowane wata sai an rubuto cewa ana nazarin buƙatarta. A wata na biyar manyan ƙasashen nan biyu suka shirya, aka nuna shugabanninsu suna musabaha, aka yage jerin. Wata ƙasa ta ba Tsohuwa aron tuta, aka hau da gwangwanin fenti. Mako guda bayan haka wasiƙa ta iso da jan hatimi: gwamnati tana farin cikin sanar da ita cewa an amince a sauko da gawar mahaifinta. Ta karanta sau biyu, ta buga mata hatimin an gani, ta sa a fayil.

A ranar ne kuma sabon jeri ya sauko, na wani faɗan dabam, jirage ashirin da tara. Manaja ya ce kafin azahar. La'asar ta yi tana kan na goma sha ɗaya, tana bin lamba bakwai-bakwai da yatsa, tana neman sunayen ma'aikatan kowane jirgi, tana rubuta su a wani littafi nata da ba na ofis ba.

"'Yar Kuku, ina saurin naki?"

"In ana sauri a ba wani, ranka ya daɗe."

Wayar ta yi ƙara a kan tebur. Baba. Ta dubi taga, ɗigon yana motsi, yana ƙanƙancewa. Ta bari ta yi ƙara sau uku, ta ɗauka.

"Kyaftin?"

Ba wanda ya amsa. Sai iska, da gurnanin inji ƙasa-ƙasa, da wani sauti can ciki, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar wuƙa a kan katako. Ta riƙe wayar a kunne har jirgin ya wuce inda layin ƙasar ke kaiwa, sautin ya yanke.

Ba ta goge lambar ba. Ta ajiye wayar kusa da hatimi, fuskarta sama, ta koma kan na goma sha biyu.